Fitilar da ta so ta cinye mini rumbu

Ni manomi ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Tasawa da Mayahi, nesa da kwalta, nesa kuma da turakun wutar Nijelek. Ban yi lakwal ba. Ɗan karatun da nake da shi na yaƙi da jahilci ne, na koye shi da furfura a gemuna. Labarin da zan ba ku a gidana ya faru. Akwai kunya a ciki. Amma na ga gara in faɗa da in ɓoye, don na san gidaje da yawa an ja musu waya kamar yadda na ja ma nawa.

A kakar 2022 wake ya yi mini kyau. Na sayar da buhu 2, na tafi kasuwar Tasawa. Na sayo farantin hasken rana, wanda muke ce ma pano, da batir, da ƙwan fitila 3, wato ampul. Da na zo wajen waya sai mai kanti ya nuna mini iri 2, mai kauri da siririya. Mai kaurin ta fi tsada. Kuɗina sun kusa ƙarewa, ga uwargida ta ba ni saƙon gishiri da sabulu. Na ce a raina waya ai waya ce. Na ɗauki siririyar, irin wadda ake ɗaura ma rediyo.

Da na koma gida ban tambayi kowa ba. Na ɗora pano bisa rumfa, na ajiye batir a ɗakina, na ja waya zuwa ɗakin uwargida da ɗakin yara. Waya ba ta kai ba. Sai na samo wani tsohon guntu, na murɗa su tare da hannu, na yagi leda na naɗe wurin. Don kada a ga waya tana reto, na cusa ta cikin jinka, tsakanin ciyawa da kara. Makunni ma ban saya ba. In ana son wuta sai a maƙala bakin waya a kan batir, in za a kwana a cire.

Kafin in gama, na ɗora yatsa a kai ɗaya na batir, na ɗora wani a ɗayan. Ban ji kome ba. Na yi dariya na ce ma yara, “Wannan wuta ba ta cizo.” Wannan magana tawa ita ce babban kuskuren, ta fi siririyar waya muni, don yara sun ji, ni ma na yarda da ita.

Daren farko maƙwabta suka cika gidan. Yara suka yi karatu har barci ya kwashe su. Aka huta da sayen batiran cocila. Wata 3 muna cikin jin daɗi.

Wani dare a watan Janairu na 2023, cikin hunturu, iska tana kaɗawa daga gabas, muka manta ba mu cire waya ba. Can cikin dare uwargida ta tashe ni. Ta ce, “Malam, ina jin ƙaurin roba.” Kafin in laluba takalmi sai muka ga jinkar ɗakin yara ta kama. Daga ɗakin nan zuwa rumbu taki 6 ne. Geron shekara duk yana ciki, har da irin shuka. Iska kuma can take tura harshen wutar.

Na fid da yara. Uwargida ta yi kururuwa, maƙwabta suka zo da hauya da tasoshi. Aka jawo jinkar ƙasa, aka yi ta zuba mata rairayi. Wasu samari suka tsaya jikin rumbu da jiƙaƙƙun buhuna, suna kashe tartsatsi duk inda ya faɗa. Ɗana na fari shi ne ya tuna da batir. Ya ruga ya fizge wayar da hannu. Wayar ta yi ja kamar ƙarfen maƙeri, ta zana mishi layi a tafin hannu. Har yau tabon yana nan. Allah ya kiyaye, rumbu bai kama ba, ba a rasa rai ba. Ɗaki dai ya tafi, da tabarmi, da tufafin yara, da littattafansu.

Gari ya waye kowa da maganarsa. Wani ya ce sammu ne. Wani ya ce pano ne yake tara zafin rana da yini ya sako shi da dare. Ni dai na tattara ƙonanniyar wayar na sa a aljihu. Ranar kasuwa na kai ma wani mai aikin lantarki a Tasawa. Yaro ne, bai wuce sa'ar ɗana ba, amma ya koyi aikin a makaranta.

Ya juya wayar a hannunsa, ya ga inda leda ta narke. Ya ce, “Baba, wa ya yi maka wannan haɗi?”

Na ce, “Ni ne, ɗana.”

Ya ce, “Ina fizibil ɗin?”

Na ce, “Mene ne kuma fizibil?”

Bai yi mini dariya ba, na kuwa gode mishi. Ya ce in matsa baya. Ya ɗauko silin waya guda, siriri kamar gashin wutsiyar doki, ya riƙe da filaya, ya gitta shi a kawuna 2 na wani tsohon batir. Nan take silin ya yi ja, ya tsinke. Ya ce, “Abin da ya faru a jinkarka ke nan. Haɗin da aka murɗa da hannu yana sassautawa. In ya sassauta sai ya riƙa zafi. Zafi ya narkar da leda, waya 2 suka taɓa juna tsirara. Daga nan wuta ba ta bi ta ampul ba, ta yanke hanya ta koma batir. Batirin da yake tayar da mota yana iya sako amfer ɗaruruwa in ya sami gajeriyar hanya. Wayarka ko amfer 10 ba za ta ɗauka ba.”

Na ce mishi ban san amfer ba. Sai ya kwatanta mini da ruwa, ni ma haka zan kwatanta muku. Ku dubi tankin ruwa da ake ɗorawa sama a garuruwan da aka yi famfo. Tsawon tankin shi yake ba ruwa ƙarfin turawa. A lantarki wannan ƙarfi shi ne bolt, ana rubuta shi da harafin V. Yawan ruwan da yake gudu cikin tiyo shi ne amfer, ana rubuta A. Waya ita ce tiyo. Abin da ampul yake ci kuma shi ne wat, ana rubuta W. Batirinmu bolt 12 ne. Ƙarfin turawarsa kaɗan ne, ba ya iya ratsa busasshiyar fatar mutum, shi ya sa na taɓa ban ji kome ba. Amma ƙarfe ba fata ba ne. In ya sami ƙarfe, sai ya kwararo gaba ɗaya.

Ya ce in karanta abin da ke jikin ampul ɗina. Na karanta: 12V, 5W. Wata 3 abin yana rataye bisa kaina ban taɓa dubawa ba, alhali na iya karatu. Ya ce ampul 3 wat 15 ke nan. A raba 15 da 12, ya ba da amfer 1 da kwata. To, fizibil mai lamba 5 ya ishe ni. Fizibil ɗan ƙaramin abu ne, bai kai ɗan yatsa ba, irin wanda ke cikin mota da babur. A cikinsa akwai silin ƙarfe da aka yi shi da rauni da gangan. In wuta ta wuce lambar da ke jikinsa sai ya tsinke, hanya ta yanke, waya ba ta sami lokacin yin zafi ba. Na tambayi kuɗinsa. Da ya faɗa mini sai na yi shiru. Bai kai abin da nake kashewa a goro ranar kasuwa ba.

Muna cikin magana na ce mishi wannan ilimi na Turawa ne, mu sai dai mu saya. Ya ce, “A'a Baba. Ba ka ji sunan Abdu Mumuni ba? A nan Tasawa aka haife shi a 1929.” Daga baya malamin lakwal na garinmu ya ƙara mini bayani. Abdu Mumuni Jofo babban masani ne na kimiyya. Daga 1969 ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasarmu, wanda ake kira ONERSOL, inda aka yi ta ƙera tukwanen dafa abinci da na ɗumama ruwa da zafin rana. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma sunansa take ɗauke da shi. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma ba ni kunya. Ɗan ƙasarmu ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda rana za ta yi mana aiki, ni ga shi na kasa sayen fizibil.

Na sayi kaya sabo, yaron ya zana mini hanyar a takarda. Ga yadda na sake aikin, kuma yau shekara ta zagayo fiye da sau 2 ba mu ga hayaƙi ba.

Waya na sayi mai lamba 1,5 a jikin naɗinta, mai riga 2, ja da baƙa a ciki. Ja ta tafi kan batir mai alamar +, baƙa ta tafi mai alamar −. Wannan karon na auna nisan da igiya tun daga gida, na ƙara kamu 2, don kada in sake yin haɗi a tsakiya. In tafiyar tana da nisa, kamar daga ɗaki zuwa garke, a ɗauki mai lamba 2,5. Siririyar waya mai tsawo tana shanye wuta a hanya, sai ka ga ampul yana haske kamar fitilar aci-bal-bal, ka zagi mai kanti a banza. Na sayi kuma ɗan akwatin da ake sawa tsakanin pano da batir, wanda yake hana batir cika fiye da kima. Shi ana fara ɗaura mishi batir, sannan pano.

Duk lokacin da nake aikin, jar waya ba ta kan batir. Ita ce ta ƙarshe da za a ɗaura. Na cire zoben azurfata na sa a aljihu, don zobe ma ƙarfe ne. In ya gitta wuta zai gasa yatsa.

Ban sake cusa waya cikin jinka ba. Ta bi jikin bango a fili inda ido yake ganinta, na kama ta da ƴan ƙusoshi masu bakin roba. Ba a kafa ƙusa ta tsakiyar waya, ba a kuma ɗaure ta da wayar ƙarfe. Inda za ta ratsa bango ko ta bi ƙasa daga ɗaki zuwa ɗaki, na zura ta cikin tiyon roba. Dalili kusu da gara, da akuya ma, kun san halinta.

Mazaunin ampul shi ne ya fi son natsuwa. Yana da hula da ake kwancewa. A fara zura waya ta cikin hular, in ba haka ba sai an gama a ga an manta da ita, ni sau 2 ina kwancewa. A feƙe rigar waya kamar faɗin farce, ba fiye ba. A yi a hankali kada wuƙa ta yanke silin ciki. A murza silin su zama ɗaya, a sassauta ɗan sukurun, a zura, a ɗaure tam. Sannan a ɗan ja a gani. In ta fito, ba ta ɗauru ba. A duba da kyau kada sili ko guda ya leƙo waje, don sili guda ya isa ya taɓa ɗan uwansa. A ƙulla wayar a cikin hula yadda nauyin ampul ba zai rataya a kan sukurun ba. Na rataye nawa a jikin itacen da ke riƙe da rufi, da tazarar kamu tsakaninsa da ciyawa. In an gama ampul ya ƙi kamawa, kada a yi fushi. Wasu ampul na batir ba su kamawa in an juya ja da baƙa. A cire wuta a musanya su.

Kowane ampul a kai mishi ja tasa da baƙa tasa daga babbar waya, kamar reshe daga gindin itace. Kada a jera su wuta ta bi ta cikin wannan ta shiga wancan kamar tasbaha. In an yi haka duk za su dushe, in ɗaya ya mutu sauran su mutu. Wurin da reshe yake fita ba a murɗawa a naɗe da leda. Akwai ɗan abin haɗi mai sukuru 2 da ake ce ma domino. Shi ake sawa, a rufe shi cikin ɗan akwatin roba.

Makunni waya ɗaya yake yankewa, ita ce ja. Baƙa ta wuce abinta. Na kafa shi a kan ɗan katako kusa da ƙofa, daidai ƙirjin babba. Fizibil kuwa yana kan jar waya, dab da kan batir, bai wuce taƙi ɗaya ba. In aka sa shi can nesa, wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro. In ya tsinke akwai dalili, a nemi dalilin. Na ga masu naɗa takardar taba mai ƙyalli ko guntun waya a madadinsa. Wanda ya yi haka ya koma inda na fito.

Batir na fid da shi daga ɗakin kwana. Lokacin da yake cika yana fid da wata iska mai kama wuta, ruwan cikinsa kuma yana cin fata da tufa. Yana zaure yanzu a kan katako, cikin akwatin itace mai ramuka, nesa da murhu, nesa da yara. Akwatin yana hana cokali ko wuƙa ko tire su faɗa a kawunansa. Da na kunna, na bar fitilu awa ɗaya, sannan na bi kowane haɗi ina taɓawa. Wanda ya yi ɗumi bai ɗauru ba, a sake ɗaure shi.

Duk wannan maganar wutar batir ce. Wutar Nijelek dabam take, kuma ina roƙonku ku raba su a zuciyarku. Ita bolt 220 ce. Tana ƙona gida, tana kuma kashe mutum nan take. Yankinmu yana samun ta ne ta babban layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Kun tuna a watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke ta, ba ta maido ba sai Maris na 2024. A watannin nan wuta ta yi ƙaranci a birane, mutane da yawa suka koma pano da batir, hannunsu ya saba da taɓa waya ba tsoro.

Ƙanena yana zaune a Tasawa, gidansa da wutar Nijelek. Bayan wuta ta dawo, mazaunin ampul na tsakar gidansa ya fashe. Ya kashe makunni, ya hau kujerar ƙarfe ba takalmi, ga ƙasa da danshin wanki. Yana sa hannu wuta ta fizge shi. Allah ya sa ya faɗo, faɗuwar ce ta raba shi da ita. Ya kwana 2 a likita. Ya yi ta rantsuwa ya kashe makunni, kuma gaskiya ya faɗa. Yaron nan mai lantarki ya je ya duba. Ashe wanda ya ja wayar gidan ya sa makunnin a kan wayar da ba ita ke kawo wuta ba. A wutar gari waya ɗaya ce mai kawowa, yawanci ja ko ruwan ƙasa. Shuɗiya ita ce mai komawa. Mai kore da rawaya ta ƙasa ce, don tsaro. In makunni yana kan shuɗiya, ampul zai mutu amma wuta tana nan tsaye a mazauninsa tana jira. Launi ma ba abin dogara ba ne, don wani da abin da ya samu yake aiki.

Saboda haka ko ampul za a canja, a je wajen kwantar a kashe babban makashin gidan duka, a gaya ma mutanen gida kada wani ya tayar. Hannu busasshe, takalmin roba, abin hawa na itace. Kada a ce ai an ɗauke wuta bari in yi sauri, ba ta sallama in za ta dawo. In wuta ta kama mutum kada a taɓa shi da hannu. A kashe makashi, ko a ture shi da busasshen itace, a kai shi likita ko ya ce ya warke. Ba a zuba ruwa a gobarar waya sai an yanke wuta, rairayi ake zubawa. Jan sabuwar waya a gida mai wutar gari, ni a ganina, ba aikinmu ba ne. A kira wanda ya koya. Kwantar da turaku kuwa na ma'aikatan Nijelek ne kaɗai.

Ku ma ƴan uwana makiyaya akwai naku. Da rani kuna sassabo ma bisashe ganyen gawo da doguwar sanda. Ku ɗaga kai ku duba kafin ku ɗaga sanda. Babban layi ba sai an taɓa shi ba, wutarsa tana tsallakowa in an matso kusa. In iskar damina ta kayar da waya, ku kore garke nesa, ku aika a gaya ma mai gari.

Na sake ɗakin yara, wannan karon na ƙasa ne, kuma na matsar da rumbu can bayan gida. Fizibil 3 suna ajiye cikin gwangwanin tumatir a zaure. Sau ɗaya ɗaya ya tsinke, da na bi waya sai na tarar kusu ya ci rigarta a bayan randa. Shekaranjiya maƙwabcina, wanda ya fi kowa cewa sammu ne, ya kira ni in duba mishi tashi wayar. Na tarar da haɗi 4 duk da leda, ɗaya a cikin jinkar ɗakin tsohuwarsa. Mun cire waya daga batir a ranar. Kasuwa mai zuwa zan sayo mishi domino da fizibil, ya ce zai biya ni da kaka.